Bitar Rumbun ITRDB, Inda Ake Samun Ma'aunin Zobban Itatuwa Don Gano Yanayin Ƙarnonin Baya

Tashoshin auna yanayi ba su daɗe a duniya ba. Jerin ma'aunin zafi mafi tsawo da ake da shi ba tare da yankewa ba shi ne na tsakiyar Ingila, wanda ya faro daga 1659, amma a mafi yawan ƙasashe lissafin da za a iya dogara da shi bai wuce na shekara 100 zuwa 150 ba. Don haka wanda yake son ya san ko farin da ake fama da shi yanzu ya taɓa aukuwa shekara 500 da suka wuce, dole ya nemi shaida a wani wuri dabam, kuma cikin shaidun da masana ke amfani da su babu wadda ta kai zobban da ke cikin kututturen itace faɗin takamaimiyar shekara.

Rumbun da nake bitarsa sunansa International Tree-Ring Data Bank, an fi saninsa da ITRDB. Harold Fritts na ɗakin binciken zobban itatuwa da ke Jami'ar Arizona ne ya assasa shi a 1974, kuma tun daga 1990 hukumar NOAA ta Amurka, mai lura da al'amuran teku da yanayi, ita ce take riƙe da shi a sashenta na yanayin zamanin da. Yana ɗauke da ma'auni daga wurare sama da 4,000 a nahiyoyi shida, waɗanda masu bincike suka ɗora bisa raɗin kansu, kuma kowa yana iya saukewa daga intanet kyauta, ba tare da rajista ko neman izini ba. A ganina darajarsa tana cikin abu guda: yana ba ka ɗanyen ma'auni, zobe bayan zobe, kafin wani ya sarrafa shi ya fitar da sakamakon da yake so ka yarda da shi. Wahalarsa ma daga nan ta taso, domin ɗanyen ma'auni ba ya bayyana kansa ga wanda bai san yadda ake karanta shi ba.

Ya kamata a fara fahimtar abin da aka ajiye a ciki. A ƙasashen da sanyi ko rani yake tsayar da girman itace sau ɗaya a shekara, itacen yana ƙara zobe guda a ƙarƙashin ɓawonsa kowace shekara: katako mai haske da laushi a farkon lokacin girma, sannan siririn layi mai duhu da tauri a ƙarshensa. Kaurin zoben ya danganta da abin da ya fi takura wa itacen a wannan shekarar. Itacen da ke bakin hamada ruwa ne damuwarsa, saboda haka zobensa yakan sirance a shekarar fari, shi kuwa wanda ke can saman dutse ko kusa da iyakar dazuzzukan arewa, inda sanyi ya hana itace wucewa, ɗumin lokacin zafi ne yake bayyana a jikinsa. Ba a sare itacen kafin a auna. Akwai wani ƙarfe mai rami kamar bututu da ake murzawa cikin kututturen har zuwa tsakiya, a zaro siririn katako mai kaurin kusan milimita 5, a manna shi a kan katako, a goge shi da takardar yashi har ƙwayoyinsa su fito, sannan a auna kowane zobe a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Waɗannan lambobin su ne kayan rumbun.

Ƙidayar zobba kaɗai ba ta wadatarwa, kuma a nan ne na fi yaba wa ƙa'idar ITRDB. Itace yakan tsallake zobe a shekarar da ta yi tsanani ƙwarai, wani lokaci kuma ya yi abin da ya yi kama da zobe biyu a shekara guda idan ruwa ya ɗauke sannan ya dawo. Wanda ya ƙidaya kawai zai kauce da shekara ɗaya ko biyu, kuma daga nan duk lissafinsa ya rushe. Maganin wannan shi ne gwama itatuwa da yawa na yanki ɗaya, a bi tsarin zobba masu kauri da sirara har sai sun dace shekara da shekara, ta yadda zoben da ya ɓace a wani itacen zai bayyana a maƙwabcinsa. A. E. Douglass, masanin taurari da ya shiga wannan fanni yana neman alamar tabon rana a jikin itatuwa, shi ne ya kafa wannan hanya, kuma shi ya buɗe ɗakin binciken Arizona a 1937. A 1929 masu taimaka masa suka haƙo wani guntun katakon gini da ya ƙone a garin Show Low na jihar Arizona, wanda ya haɗa jerin itatuwa masu rai da jerin katakon tsofaffin gine-gine, aka iya sanya wa kufan 'yan asalin Amurka irin su Pueblo Bonito shekarunsu. Da wannan dabarar ta ɗora tsohon katako a kan sabo aka gina jerin itacen bristlecone na duwatsun Kalifoniya, wanda ya doshi shekara 9,000, da jerin Hohenheim na Jamus mai shekara 12,460. Rumbun yana karɓar ma'aunin da aka riga aka gwama ne, kuma tarin da yawa suna zuwa tare da fayil ɗin gwajin manhajar COFECHA, wadda Richard Holmes ya fitar a 1983, mai nuna yadda kowane samfur ya dace da 'yan uwansa. Ina ba da shawarar a buɗe wannan fayil ɗin kafin kowane, domin shi ne zai nuna ko tarin yana da murya ɗaya ko kuwa kowane itace nasa labarin yake bayarwa.

Binciken shafin ba shi da wuya. Ana iya nema ta taswira, ta sunan mai bincike, ta jinsin itace, ta ƙasa ko ta shekarun da ake buƙata. Kowane wuri yana da lambarsa, kamar CA535 na hanyar Methuselah a Kalifoniya, kowane jinsin itace kuma yana da haruffa huɗu da aka ciro daga sunansa na kimiyya, PILO ga Pinus longaeva, wato bristlecone, PSME ga Pseudotsuga menziesii. Fayilolin ƙanana ne, rubutu zalla, suna sauka nan take ko da intanet ɗin ba shi da ƙarfi. Shafin ba shi da ado, kuma ban ga laifin hakan ba.

Inda sabon shiga zai yi tuntuɓe shi ne tsarin fayil ɗin kansa, wanda ake kira tsarin Tucson. An ƙirƙire shi tun zamanin da ake shigar da bayanai cikin kwamfuta ta katin da ake hudawa, mai gurbi 80 a kowane layi, kuma har yau yana ɗauke da alamun wannan zamanin. Kowane layi yana farawa da lambar samfur, sai shekarar farkon goman, sai lambobi goma a jere, kowace a gurbinta. Babu ɗigo a cikin lambobin, saboda haka sai ka duba ƙarshen jerin kafin ka san ma'aunin: idan an rufe da 999, lambobin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, idan kuwa an rufe da -9999, kashi ɗaya cikin dubu ne. Wanda bai lura da wannan ba zai haɗa tarin biyu ya ga kamar itatuwan wani wuri sun ninka na wani sau goma wajen girma. Shekarun kafin haihuwar Annabi Isa, da yake suna ɗauke da alamar ragi, sukan ci gurbin lambar samfur su rikita manhaja. Kuma da yake mutane daban-daban ne suka ɗora fayilolin cikin shekaru masu yawa, ba duka suka bi tsarin sau da ƙafa ba. Wani nazari da Shoudong Zhao da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya bi rumbun gaba ɗaya, ya tarar da kurakuran tsari da maimaici a fayiloli masu yawa, ya kuma fitar da gyararren kwafi. Hukumar NOAA tana ba da wasu bayanan a sabon tsari mai sauƙin karantawa, amma tsohon ne har yanzu harshen da masu sana'ar ke magana da shi, kuma babu makawa sai an koye shi.

Bayan an karanta fayil ɗin, aikin gaske bai ma fara ba. Itace yana yin zobba masu kauri a ƙuruciyarsa, su riƙa sirancewa yayin da kututturen yake faɗi, ko da yanayi bai canja ba ko kaɗan. Dole a cire wannan tasirin na tsufa, ta hanyar zana layin girman da ake tsammani a raba ainihin ma'aunin da shi, sannan a haɗa itatuwan wurin a fitar da matsakaici guda na kowace shekara. Daga nan sai a gwada jerin da lissafin tashar yanayi mafi kusa a shekarun da suka yi tarayya, a gina alaƙar a kan rabin shekarun, a jarraba ta a kan sauran rabin, kuma sai ta ci wannan jarrabawar ake da hujjar mayar da ita baya zuwa ƙarnonin da babu tasha. Rumbun ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan a madadinka. Akwai manhajar ARSTAN ta Edward Cook, akwai kuma dplR da Andy Bunn ya fitar a 2008, wadda take aiki a cikin manhajar lissafi ta R kuma kyauta ce, amma a wajen rumbun ake samun su, a kuma koye su dabam.

Gaskiya ne cewa tarin da yawa suna da fayil na biyu mai ɗauke da jerin da aka riga aka sarrafa, kuma yana da jan hankali ga mai gaggawa. Ina gargaɗi a kansa. Yadda aka cire tasirin tsufa shi ne yake yanke abin da zai rage a jerin, domin layin da ya bi ma'aunin kurkusa yakan share canjin yanayi na dogon zango tare da tsufan. Cook da abokansa sun nuna a 1995 cewa idan kowane samfur aka gyara shi kaɗai, ba za a iya gano canjin da ya fi tsawon rayuwar samfuran ba, wato jerin shekara 2,000 da aka ɗinka daga itatuwa masu shekara 200 ba zai nuna ɗumama ko sanyayar da ta ɗauki ƙarni biyar ba. Jerin da wani ya shirya domin nazarin farin shekara-shekara ba lallai ya dace da mai neman canjin ƙarni ba, kuma sau da yawa bayanin da ke kan fayil ɗin bai isa ya faɗa maka wace hanya aka bi ba. Wanda yake da iko ya koma kan ɗanyen ma'aunin ya sarrafa da kansa.

Abin da irin wannan ma'auni ya haifar shi ne yake sa a jure wa wahalarsa. Misalin da na fi ganin ya isa hujja shi ne na Kogin Kolorado. A 1922 jihohi bakwai na Amurka suka raba ruwansa a tsakaninsu, kimanin mita kubik biliyan 18.5 a shekara, bisa lissafin 'yan shekarun da aka yi ana auna kogin, daga baya kuma a 1944 aka ƙara wa Meziko nata kason. A 1976 Charles Stockton da Gordon Jacoby suka yi amfani da zobban itatuwan yankin suka mayar da lissafin baya fiye da shekara 400, suka tarar cewa matsakaicin kwararar kogin bai wuce kimanin biliyan 16.7 ba, kuma farkon ƙarni na 20, lokacin da aka yi rabon, yana cikin lokutan da suka fi kowane ruwa a tsawon jerin. An raba abin da babu shi ke nan. Aikin da David Meko ya jagoranta a 2007 ya kai jerin har shekara ta 762, ya fito da wani dogon fari a tsakiyar ƙarni na 12 wanda babu kamarsa a lissafin tashoshi. Haka kuma taswirorin fari da Cook ya jagoranta a cibiyar Lamont-Doherty, ta Arewacin Amurka a 2004, ta yankin damunar Asiya a 2010, ta Turai da kewayen Bahar Rum a 2015, sun dogara sosai ga tarin da ke cikin rumbun, kuma su ma ana samun su a sashen NOAA ɗin. Masu tarihi sun amfana: David Stahle ya nuna a 1998 cewa ɓacewar mazaunin Turawan Ingila a Roanoke, a gaɓar gabashin Amurka, ta zo daidai da matsanancin farin 1587 zuwa 1589, wahalar mazauninsu na Jamestown kuma da na 1606 zuwa 1612.

Game da zafi, kaurin zobe ba shi ne ma'auni mafi kyau ba, domin itace yakan ɗauki ajiyar abincin bara ya shiga da ita bana, sai alamar shekara guda ta bazu zuwa ta gaba. Taurin katakon ƙarshen lokacin girma, wanda ake aunawa da hasken eksire irin na hoton ƙashi, ya fi bin ɗumin lokacin zafi sau da ƙafa. Rumbun yana da babban tari na wannan ma'aunin, galibinsa daga aikin Fritz Schweingruber na Suwizalan, wanda ya bi dazuzzukan Turai da Saberiya da Arewacin Amurka yana ɗibar samfur. A cikinsa sanyin 1816, shekarar da ta biyo bayan aman wutar dutsen Tambora na Indunusiya, yana fitowa fili. Sai dai aunin tauri yana da tsada da cin lokaci, shi ya sa wuraren da ke da shi kaɗan ne idan aka kwatanta da na kauri.

Buɗe ƙofa ga kowa ya nuna amfaninsa a lokacin da gardama kan ɗumamar duniya ta yi zafi. Lissafin zafin arewacin duniya da Michael Mann da Raymond Bradley da Malcolm Hughes suka wallafa a 1998 da 1999 ya yi amfani da tarin ITRDB na Arewacin Amurka, kuma masu suka da masu karewa duk sun iya komawa kan lambobin. A 2006 kwamitin majalisar binciken kimiyya ta Amurka ya ba da shawarar a guji samfuran bristlecone da ɓawonsu ya zube ya rage a gefe ɗaya wajen lissafin zafi, duk da cewa ya amince ƙarshen ƙarni na 20 ya fi kowane lokaci ɗumi a cikin shekara 400 da suka gabace shi. Haka nan matsalar da aka gano a wasu dazuzzukan arewa, inda tun kusan 1960 zobban suka daina bin hauhawar zafin da tashoshi ke nunawa, ba abu ne da za a ɓoye ba, domin duk mai fayil ɗin da lissafin tasha zai iya zana layukan biyu ya ga inda suka rabu, ya kuma ga cewa ba a kowane wuri hakan ya faru ba. Gani ya kori ji.

Babban raunin rumbun yana kan taswirarsa, kuma kallo ɗaya ya isa a gane shi. Ɗigogi sun cunkushe a yammacin Amurka da Turai, sun yi layi a tsaunukan Andes da Himalaya da Niyu Zilan, sannan Afirka da dazuzzukan Amazon kusan babu kowa. Mafi yawan samfuran na itatuwa ne masu ganye kamar allura, masu faɗin ganye kuwa 'yan kaɗan ne. Dalilin rabi na halitta ne, rabi na tarihi. A wurare masu zafi itatuwa da yawa ba sa yin zoben da ido zai bambance, ko kuma su yi shi ba bisa shekara ba, katakon da ya mutu kuma gara da danshi ba sa barinsa ya daɗe balle a tsawaita jeri da shi. Amma an daɗe da sanin cewa abin yana yiwuwa inda rani yake da ƙarfi: tun 1931 H. P. Berlage ya gina jeri daga itacen tik a tsibirin Java, itacen al'ul na tsaunukan Atlas a Maroko ya ba da tarihin fari na kusan shekara 1,000, Pterocarpus angolensis a Zimbabuwe ya ba da na ruwan sama na kimanin shekara 200, an kuma yi aiki da Juniperus procera a Habasha. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗakunan bincike da kuɗin aiki a waɗannan yankunan. Ba laifin masu riƙe da rumbun ba ne, tunda abin da aka kawo musu suke ajiyewa, amma mai amfani da shi ya sani cewa idan ya haɗa duk abin da ke ciki ya kira shi yanayin duniya, a zahiri lokacin zafin arewacin duniya ya auna. Ko a Turai ma ba komai ne ya shigo ba, domin ɗakunan da ke karɓar kuɗi su sanya wa katakon tsofaffin gine-gine shekaru sukan riƙe jerinsu a hannunsu.

Akwai wani karkata da taswira ba ta nunawa. Waɗanda suka ɗebi samfuran yanayi suke nema, saboda haka da gangan suka zaɓi tsofaffin itatuwa a kan duwatsu da gangara, inda rayuwa take da wuya. Wannan daidai ne ga mai son gano fari, amma kuskure ne a ɗauki waɗannan itatuwan a matsayin wakilan dajin gaba ɗaya. Stefan Klesse da abokansa sun nuna a 2018 cewa a kudu maso yammacin Amurka samfuran rumbun sun fi itatuwan daji na yau da kullum jin canjin yanayi nesa ba kusa ba, don haka wanda ya yi hasashen makomar dazuzzuka da su zai zuzuta asarar. Ga kuma tsufan tarin: da yawa an ɗebe su ne tsakanin shekarun 1970 da 1990, jerinsu ya tsaya a nan, daidai lokacin da ɗumamar duniya ta fara sauri kuma aka fi buƙatar gwaji. Bayanin girman itacen, da irin ƙasar da yake kai, da nisan samfurin daga tsakiyar kututture, sau da yawa babu su.

Ɗalibin jami'a da ke son koyon sana'ar zai amfana ƙwarai idan ya zaɓi wuri guda mai samfura masu yawa da dacewa mai ƙarfi, ya sarrafa shi ta hanyoyi biyu ko uku, ya ga yadda sakamakon yake sauyawa a hannunsa. Malamin makaranta ko ɗan jarida da ke neman amsa kai tsaye gara ya wuce sashen sakamakon da aka riga aka wallafa, ko taswirorin fari, inda masu aikin suka bayyana iyakar kuskuren lissafinsu. Shi kuwa mai bincike da zai gina sabon lissafi, ya duba adadin samfuran da suka kai kowane ƙarni kafin ya amince da farkon jerin, domin abu ne da aka saba gani jeri ya ƙare da itatuwa 40 amma ya faro da biyu ko uku, ya kuma ambaci sunan wanda ya ɗebi samfurin a duk abin da ya wallafa, kamar yadda hukumar take buƙata.